Hawan jinin Baba ne ya mayar da ni aji

Ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallacin unguwarmu a Kaduna, ina bakin aiki a wani asibiti a ƙasar Ailan, ina auna jinin iyayen wasu. Ƙanena ne ya kira ni, ya ce bakin Baba ya karkace, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Kafin ya rufe baki na san shanyewar ɓarin jiki ce. Na kuma san sanadinta, domin ni na fara gano hawan jininsa shekara huɗu kafin nan, ni nake tura kuɗin magani duk wata.

Abin da ban sani ba shi ne Baba ya yi wata bakwai bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba. Duk sanda na tambaye shi a waya, "Baba, kuna dai shan magani ko?" sai ya ce, "Ana sha, Uwata, kada ki damu." Ashe da ya ji ciwon kan ya tafi sai ya ɗauka cutar ma ta tafi. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, yanzu yana takawa da sanda. Amma ni tambaya ɗaya ta hana ni barci: shekarata biyar ina aikin jinya, na san sunan kowace ƙwaya da adadinta, me ya sa na kasa tsare mahaifina?

Neman amsar ne ya kai ni Jami'ar Galway da ke yammacin Ailan, inda nake digiri na biyu a fannin rigakafin cututtukan zuciya.

Su wa ke cikin ajin

Jami'ar tana gudanar da karatun ne tare da wata gidauniyar yaƙi da ciwon zuciya da shanyewar jiki mai suna Croí, kalmar da ke nufin zuciya a harshen mutanen ƙasar. Ba na likitoci kaɗai ba ne. A ajinmu akwai likitoci, da ma'aikatan jinya irina, da masu harhaɗa magunguna, da masana abinci, da masu gasa ƙashi da motsa gaɓoɓi. Da gangan aka haɗa mu, domin mai hawan jini ba hannu ɗaya ke kula da shi ba. Wani ɓangare na karatun ta intanet ake yi, wani kuma sai an zo ido da ido. Ana koyar da mu yadda ake ƙiyasta haɗarin da mutum ke ciki, da yadda ake taimaka wa mai shan sigari ya bari, da tsarin abinci da motsa jiki, da sarrafa hawan jini da suga da kitsen jini, da yadda ake farfaɗo da wanda ya taɓa samun bugun zuciya don kada ya sake. A ƙarshe kowa zai yi bincike ya rubuta kundi.

Dalilin kafa irin wannan karatu yana cikin alƙaluma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu sun faru ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Wato ba cutar Turawa ba ce kamar yadda muka taso muna ji. A 2004 wani babban bincike da Farfesa Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52 ya nuna cewa abubuwa tara ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko: sigari, kitsen jini, hawan jini, ciwon suga, tumbi, damuwa, ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, rashin motsa jiki, da yanayin shan barasa. Duk cikinsu babu wanda ba a iya taɓawa.

An kuma gwada an gani. A 1972 aka fara wani shiri a lardin Karelia ta Arewa a ƙasar Finlan, inda magidanta ke mutuwa da ciwon zuciya suna tsakiyar ƙarfinsu. Likita Pekka Puska da abokan aikinsa ba su tsaya a asibiti ba. Sun shiga ƙungiyoyin matan gida da shaguna da gonaki, aka rage man shanu da gishiri da sigari. Cikin shekara arba'in mace-macen ciwon zuciya a tsakanin maza masu shekarun aiki suka ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ita ma Ailan ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta hana shan sigari a duk wuraren aiki, a watan Maris na 2004.

Darasin da ya fi mini wuya

Na ɗauka lissafin haɗari da sunayen magunguna ne za su ba ni wahala. Ashe yin shiru ne. Akwai darasin da ake koya mana yadda ake hira da majiyyaci, a zaunar da mu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai ciwo ɗaya ya zama ma'aikaci. A karona na farko ko minti biyu ban yi ba na fara zuba wa abokiyar karatuna wa'azi: rage gishiri, yi tafiya, kada ki fasa magani. Malamar ta tsayar da ni, ta tambaye ni ko na san abin da wannan matar take tsoro. Ban sani ba, domin ban tambaya ba.

A daren na kira Baba. A karon farko ban tambaye shi ko yana shan magani ba. Na ce, "Baba, wai me kuke gani game da ƙwayoyin nan?" Ya yi jim, sannan ya ce, "Uwata, ɗaya daga ciki fitsari take sa ni, ta hana ni riƙe alwala tsakanin Magariba da Isha'i. Kuma an ce wanda ya saba da su ƙodarsa lalacewa take yi." Shekara huɗu yana ɗauke da wannan a ransa, ni kuwa ina ta tura kuɗi. Da ya faɗa tun farko, da likitansa ya mayar da ƙwayar zuwa safiya ko ya canza masa wata. Kuma da na bayyana masa cewa hawan jinin da aka bari babu magani shi ne babban mai cin ƙoda. Laifina bai tsaya ga rashin sani ba, ban ba shi ƙofar magana ba ne.

Jikinmu da tukunyarmu

Wani abin da ya buɗe mini ido shi ne yadda maganin ma ke bambanta. A Birtaniya, ƙa'idar da likitoci ke bi ta ce baƙar fata ɗan asalin Afirka mai hawan jini, idan ba shi da ciwon suga, a fara masa da ajin magunguna irin su amlodipine, domin wasu ajin ba sa sauke jininmu sosai idan su kaɗai aka ba mu. A 2019 wani gwaji da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka ya nuna cewa haɗin magani mai amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi sauke jini. Wani binciken kuma da ya kwatanta 'yan Ghana mazauna gida da 'yan uwansu da ke Landan da Amsterdam da Berlin ya gano ƙiba da hawan jini sun fi yawa ga waɗanda suka yi ƙaura. Duk wanda ya yi aikin dare a Turai, ya dawo ya ci abin da ya samu ya kwanta, bai buƙatar a fassara masa dalili.

Sai dai littattafanmu da abincin mutanen gaɓar Bahar Rum suke ba da misali: man zaitun, kifi, ganyen salak. Idan na karanta wa Mama wannan sai ta yi dariya. Dole na zauna na juya shi zuwa tukunyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A miyarmu kuwa akwai gishiri, ga dunƙule wanda babban kasonsa gishiri ne, ga kanwa mai ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ake gudu a gishirin. Amma a tukunyar nan dai akwai kuka da kuɓewa da zogale da alayyafo da wake da gero da dawa, duk abubuwan da masana ke roƙon Turawa su ci irinsu.

A nan ne wani darasi ya yi mini rana. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen Turai takwas, aka wallafa a 2008, ya sa ma'aikatan jinya a gaba, ya kuma gayyato majiyyaci tare da matarsa ko mijinta, domin gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci. Don haka na daina yi wa Baba maganar abinci, na koma wajen mai riƙe da ludayi. Na ce, "Mama, dunƙule nawa kike sawa a miya?" Ta ce huɗu. Muka yi yarjejeniya a koma uku na mako biyu, sannan biyu, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, kuma a yi wa kowa girki ɗaya, kada a ware Baba kamar wanda ake horo. Wata uku ke nan, kuma har yau babu wanda ya mayar da kwano.

Ga masu sha'awa

Ba zan ɓoye ba, karatun akwai nauyi, musamman ga mai haɗa shi da aikin kwana, kuma kuɗin makaranta ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya fi tsada. Mai niyya ya fara duba shafin jami'a, ya kuma tambayi wurin aikinsa ko suna tallafa wa ƙarin karatu. Wanda bai samu hali ba, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin koyarwa mai suna HEARTS da aka tsara don ƙananan asibitoci, kuma kyauta ake sauke shi.

Mu ma'aikatan lafiya Hausawa da ke Ingila da Amurka da Saudiyya da sauran ƙasashe muna da abin da babu jami'ar da ke koyarwa: mun san me kunun kanwa yake, mun san abin da ake nufi idan dattijo ya ce "da sauƙi". Idan muka ɗora ilimin rigakafi a kan wannan, al'ummarmu za ta ji magana daga bakin nata.

Ga sauran masu karatu kuwa, ku auna jininku ko da ba ku jin komai, domin hawan jini ba ya sallama. A zauna a huta minti biyar, a jingina baya, a ɗora hannu daidai ƙirji, ban da magana. Idan awon asibiti yana yawan kai 140/90 ko ya wuce, a ga likita. A samu minti 150 na tafiya da sauri a mako. Idan kuma kun kira gida a ƙarshen makon nan, kada ku tsaya a "ana shan magani?" Ku tambayi yadda maganin yake yi musu, sannan ku saurara.

Kundina a kan gishiri ne a girkin iyalan Afirka ta Yamma mazauna Ailan. Baba ya ce idan na gama in aiko masa ya gani, ko da ba zai iya karantawa ba. A jiya ƙanena ya turo mini hoton na'urar awo, 132/80, da saƙon murya daga Baba yana tambaya ko yanzu an yarda ya ci tsire ranar Juma'a. Na ce tsinke ɗaya, ban da ƙarin yaji.