Tantance Haɗarin Faɗuwa ga Tsofaffi Masu Ciwon Daji: Abin da Ma'aikatan Jinya ke Gani

Faɗuwa na cikin manyan haɗurran da ke kashe tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Idan tsufa ya haɗu da ciwon daji, haɗarin yakan ƙaru, domin cutar da maganinta duka suna cin ƙarfin jiki.

Magungunan daji irin su vincristine da paclitaxel da oxaliplatin suna lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, har mutum ya taka ƙasa bai ji ta sosai ba. Ƙarancin jini na kawo jiri, magungunan kashe zafi irin su morphine na sa gyangyaɗi, dexamethasone kuwa idan aka daɗe ana sha yakan raunana tsokar cinya. Sakamakon faɗuwar ma ya fi muni. Ƙashin da cutar ta shiga yana karyewa cikin sauƙi, kuma wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa suka ragu, ɗan buguwa a ka na iya jawo masa zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Ma'aikatan jinya ne ke yin aikin tantancewa, galibi da takardar ba da maki. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ma'aunin da Janice Morse ta fitar a shekarun 1980, mai tambaya shida, inda maki 45 zuwa sama ke nuna babban haɗari. A nan ƙorafin nas-nas na sashen daji yake. Ma'aunin yana ba da maki 20 ga wanda aka sa wa allurar ƙarin ruwa, da maki 15 ga mai wata cuta ta biyu. Tsoho mai ciwon daji da wuya ya rasa waɗannan biyun, don haka yana da maki 35 tun kafin a dubi tafiyarsa. Idan kusan kowane gado ya samu alamar haɗari, alamar ta daina nuna wanda ya fi bukatar a sa masa ido. Ga shi kuma takardar ba ta tambayar mutuwar tafin ƙafa, wadda matsala ce da ta yawaita a tsakanin waɗannan marasa lafiya.

Wannan ƙorafi yana da hujja. A 2013 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a daina dogaro da irin wannan maki a asibiti, a ɗauki duk wanda ya kai shekara 65 a matsayin mai haɗari, sannan a binciki dalilan kowane mutum. A 2018 ƙungiyar likitocin daji ta Amurka, ASCO, ta nemi a riƙa tambayar tsofaffin da za a yi wa maganin daji ko sun faɗi cikin wata shida da suka wuce.

Tambayar ma tana da nata cikas. Wasu tsofaffi sukan ɓoye faɗuwa, don kunya ko don tsoron a dakatar musu da magani. Shi ya sa gogaggun nas-nas suke lura da yadda mutum ke tashi daga kujera, ko su sa shi ya yi tafiyar mita 3 ya dawo ya zauna; daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗari. A asibitocin Najeriya da Nijar, inda dangi ke kwana wurin jinya, mai jinya yakan faɗi abin da mara lafiya ya ɓoye.

Abin da ya fi damun ma'aikatan shi ne a cika takarda ba a yi komai a kai ba. Tantancewa tana amfani ne idan ta kai ga likita ya sake duba magunguna, a tura mutum wurin masu gashin ƙashi, a ba shi sandar dogarawa, a kuma raka shi banɗaki da dare, lokacin da ma'aikata suka fi ƙaranci a ɗakin kwanciya.