Ingilishi a kolejojin Madawa, Buza da Keita: sirrin yana cikin gaɓa

A Nijar, ɗalibi yana fara koyon Ingilishi ne daga ajin 6e, bayan ya shafe shekaru shida yana karatu da Faransanci, kuma darasin na jiransa a jarrabawar BEPC. Sai dai sau da yawa yaro yakan iya rubuta kalma daidai, amma in ya furta ta, mai jin Ingilishi bai gane ba. Daga ina matsalar take?

Da farko akwai rabon gaɓa. Gaɓar Hausa iri 3 ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa bread ya zama burodi, driver ya zama direba. Ingilishi kuwa yana tara baƙaƙe: grammar gaɓa 2 ce kawai, verb kuma ɗaya tal. A ƙirga sautin wasali da kunne, ba haruffa da ido ba.

Na biyu shi ne nauyin murya. Hausa da karin sauti take bambanta kukan yaro da itacen kuka. Faransanci yana jingina muryar a ƙarshe. A Ingilishi kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa, sauran a sassauta su. A nan kalmomin da suka yi kama da na Faransanci suke yaudara: a adjectif muryar na faɗuwa a ƙarshe, amma a Ingilishi AD-jec-tive ake cewa. Haka AD-verb, PRO-noun da SEN-tence. Kalmar da ta ƙare da -tion, gaɓar da ke gabanta ake dannawa: con-JUNC-tion, prep-o-SI-tion.

Wani lokaci nauyin ne ke raba suna da aikatau: OB-ject abu ne, ob-JECT kuwa ƙin amincewa.

Batun bai tsaya a aji ba. Ɗan kasuwar albasa da ke kai kaya Gana ko Najeriya, in ya kasa raba thir-TEEN da THIR-ty, buhu 13 da buhu 30 sun cakuɗe.

Shawara ga ɗalibai: a ƙamus, ɗan layin da ke sama kafin gaɓa shi ke nuna wurin dannawa. Ku rubuta shi tare da kowace sabuwar kalma, ku furta ta da ƙarfi kuna tafawa a kan gaɓar.