Gaskiya ko Jita-jita: Ciwon Jijiyar Gwiwa a Wajen 'Yan Wasa

A ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa akwai wata jijiya mai kauri da ta haɗa shi da ƙashin ƙwauri. Duk tsalle da dira, duk birkin da ɗan ƙwallo zai taka don ya kauce wa mai tsaron baya, a kanta nauyin yake sauka. Idan aikin ya fi ƙarfinta, sai ciwo ya kama bakin ƙoƙon daga ƙasa, wurin da mutum zai iya nunawa da yatsa ɗaya. Wani bincike da aka yi a Norway a 2005 ya sami wannan ciwo a jikin kusan kashi 45 cikin 100 na ƙwararrun 'yan ƙwallon raga, da kashi 32 na 'yan ƙwallon kwando.

"Ai da jikina ya ɗau zafi ya daina, ya warke ke nan." Jita-jita ce, kuma ita ta fi cutar da matasa. Halin ciwon ne ya yi tsanani a farkon atisaye, ya lafa a tsakiya, sannan ya dawo da ƙarfinsa. Washegari da safe ake gane gaskiya: wajen saukowa daga bene, wajen tsugunno, ko miƙewa bayan dogon zama a mota. In zafin ya fi na jiya, aikin jiya ya yi yawa.

"Kumburi ne, allura ɗaya za ta gama da shi." Da aka duba irin wannan jijiya da na'urar ƙara girma, abin da aka fi gani shi ne zarenta ya hargitse ya yi rauni, kumburin kaɗan ne. A 2009 masu bincike a Denmark sun gwada allurar kotizon da ɗaga nauyi. 'Yan allura sun ji sauƙi da wuri, amma bayan wata shida sauƙin ya zube, masu ɗaga nauyi kuwa nasu ya ɗore. Ƙwayoyin kashe zafi da ake saya a kemis kafin a shiga fili ma ɓoye ciwon kawai suke yi, jijiyar tana ci gaba da wahala ba a sani ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin sau da yawa tsoron rasa gurbi a ƙungiya ne ke sa yaro haɗiyar su.

"To, a kwanta a huta har ya wuce." Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Hutu yana kwantar da zafi, sai dai tsokar cinya da jijiyar duk ƙara laushi suke yi, ranar da aka koma fili ciwo ya ce salamu alaikum. Abin da ake ragewa shi ne tsalle da gudun tsere. Abin da ake ƙarawa kuma ɗaga nauyi ne a hankali: a tsuguna cikin daƙiƙa uku, a miƙe cikin uku, sau uku a mako, har kimanin mako 12, ana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar likitan gashin ƙashi. Ɗan zafi lokacin aikin ba laifi ba ne, muddin ya sauka cikin awa 24. Sai ƙarfi ya dawo a koma tsalle, daga nan a koma wasa. Watanni ake yi, ba makonni ba. Ɗan wasan tennis Rafael Nadal da duk likitocinsa, ciwon jijiyar gwiwa ya hana shi kare kambunsa na Wimbledon a 2009.

Tiyata fa? An gwada ta da motsa jiki a Norway a 2006, ba ta fi shi ba. Sai an daɗe ana atisayen ƙarfi babu ci gaba ake maganarta.

Mai ɗori kuwa, a nan babu karaya babu gocewa, don haka ba abin da zai ɗora. Ƙaho da tsaga ba sa ƙara wa jijiya ƙarfi.

Akwai inda ba a jira. Idan aka ji ƙara fat, gwiwa ta kumbura nan take, ƙafa ta ƙi miƙewa, wataƙila jijiyar ce ta tsinke, kamar yadda ta faru da Ronaldo na Brazil a Afrilun 2000, yana Inter, a wasansu da Lazio. Wannan na asibiti ne a ranar, domin ɗinkin ya fi kyau idan aka yi shi da wuri.