Mula-mula: Yadda ake gane tsuntsun da Abzinawa ke ɗauka mai kawo albishir

Duk wanda ya taɓa yada zango a tsaunukan Abzin, cikin jihar Agadas, da wuya bai ga wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk mai farar hula yana tsalle bisa duwatsu ba. Abzinawa na kiransa mula-mula, kuma suna ɗaukar saukarsa kusa da bukka a matsayin alamar alheri. Masana kimiyya na kiransa Oenanthe leucopyga.

Tsawonsa kamar santimita 17 ne. In ya tashi sama, ƙugunsa da gefunan wutsiyarsa farare ne fat, sai baƙin layi a tsakiya. Inda mutane ke ruɗewa shi ne kai, domin farar hular sai ya girma take fitowa. Ƙananan kansu baƙi ne gaba ɗaya, har a zaci wani tsuntsu ne daban. Mace da namiji kuwa kusan kamarsu ɗaya.

Abincinsa ƙwari ne: tururuwa, buzuzu da ƴan fara. Yana hawa kan dutse ya yi tsaye, ya hango abin ci, ya dira ƙasa ya cafke. Sheƙarsa a tsagar dutse ko ramin bango yake yin ta, sau da yawa ya tara tsakuwa a bakinta.

Mula-mula ba ya ƙaura, amma yana da ɗan'uwa matafiyi, Oenanthe oenanthe, wanda ke barin Turai in sanyi ya gabato, ya sauka a yankin Sahel, har da gonakin Damagaram da Tawa bayan girbi. Shi launinsa ruwan ƙasa ne ko toka, da baƙin zane a wutsiya mai kama da harafin T a kife. Nauyinsa kamar giram 25 ne, amma binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna waɗanda ke tasowa daga Alaska na cin kilomita kusan 14,500 kafin su iso Afirka.

Gane su na da amfani ga manomi, tunda ba hatsi suke ci ba kamar jan baki. Yaron da ya harbe su da danƙo ya rage wa gona mai gadi ne, haka ma feshin maganin ƙwari barkatai na kashe abin da suke rayuwa da shi.