Wasan bin kwazazzabo: ruwan nesa shi ke kisa

A tsaunukan Turai, masu yawon buɗe ido kan biya kuɗi don bin kwazazzabo: su sauka da igiya, su tsunduma cikin gurbi, su yi iyo tsakanin duwatsu. Faransawa na kiran wasan « canyoning ».

Ran 27 ga Yuli 1999, a kwazazzabon Saxetbach, ƙasar Suwis, hadari ya zuba can bisa tudu. Ambaliya ta gangaro cikin matsatsin da babu mafita, ta halaka mutum 21, uku cikinsu jagorori. A 2001 kotu ta kama mutum shida na kamfanin da ya shirya tafiyar da laifin sakaci.

Duk direban da ke tsallake korama da damina ya san darasin: kafin shiga ruwa, a dubi sararin samaniya ta wajen mafarinsa.