Ko Kun Sani? Kiɗan Zazzau na 1963 Yana Nan a Faifai

Ko kun san cewa har yau ana iya sauraron kiɗan da makaɗan Zazzau suka yi fiye da shekara sittin da suka wuce? A tsakanin 1963 da 1964 wani Ba'amurke masanin al'adu, David Ames, ya zauna a ƙasar Zazzau da na'urar ɗaukar sauti. Ya naɗi busar kakaki da algaita da kiɗan tambura na fada, bai kuma raina kiɗan talakawa da na masu sana'a ba, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a aikinsa. Daga baya aka fitar da faifai biyu a cikin jerin kiɗan Afirka na hukumar UNESCO. A 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa.

Turawa ma da ƙyar suka tsira da nasu. A ranar 2 ga Disamba 1889, a birnin Biyana, wakilin Thomas Edison ya naɗi Johannes Brahms yana kaɗa fiyano a kan wani bututun kakin zuma. Ɗan guntu ne, ƙara ta kusa cinye kiɗan, amma masana na nan suna kasa kunne gare shi.

Kakakin da ake busa wa Sarkin Haɗejiya ranar hawan Sallah, da waƙoƙin masunta da manoman fadamar Malam Madori, su ma sun cancanci irin wannan adanawa, tun dattawan da suka haddace su suna raye.