Hoton Suri Ba Ya Jawo Aljani

Daga Tarai har Kibiya da Rano, yaro yakan tashi da gargaɗin kada ya raɓi suri da tsakar rana ko da almuru, wai gidan mutanen ɓoye ne. Da waya ta shiga hannun kowa sai gargaɗin ya sami ƙari: kada ka ɗauki hotonsa, ka kwaso abin da ya fi ƙarfinka.

Iyayenmu ba su faɗa a banza ba. Tsohon surin da gara ta ƙaurace wa ramuka ne birjik, maɓoyar kububuwa da gamsheƙa da kunama. Akwai kuma hadisi a Sunan Abi Dawud da ya hana fitsari a rami, har Ƙatada, ɗaya daga masu ruwaito shi, ya ce ana cewa aljanu na zama ciki. Samuwar aljanu kam babu Musulmin da ke ja. Sai dai, Allah ya gafarta malam, abin da aka hana fitsari ne. Kallo fa, a ina aka hana shi?

Mai tsayawa da safe bayan ruwan dare zai ga sabon gini a jikin surin da gara ke ciki, danye, ya fi sauran duhu, an jera ƙasar ƙwaya-ƙwaya. Ya ɗan ɓantare gefe, nan take zago masu jan kai za su fito tsaro, ma'aikata kuma su hau liƙe ɓarakar. Can ciki noma ake yi. Garar tana tauna kara da busasshiyar ciyawa ta tara, wani irin naman gwari ya tsiro a kai ya narkar mata da abincin. Tsayin ginin da ƙofofinsa hanyar iska ce, don gonar nan ta numfasa. Sarauniyar kuwa, mai kamar tsawon ɗan yatsa, tana kwance a ɗakinta tana zuba dubban ƙwai kullum. To, shingen da muke tarawa a gindin fitila farkon damina mu soya, daga ina yake fitowa? Ban taɓa jin wanda ya ƙi ci don tsoron masu gidan ba.

Ɓarnar gara a rumbu da azara gaskiya ce, ba na kare ta. Amma ita ce ke haƙo yumɓu daga ƙarƙashi tana huda ƙasa ruwa ya shige, kuma sau da yawa a kan suri ake ganin tsamiya ta kafu. Manoman Tawa a Nijar da gangan suke gayyatar ta: su haƙa ramukan tassa a faƙo, su zuba taki, gara ta zo ta farfasa ƙasar.

A dajin Licfil na arewacin Ostareliya, surin da ya haura mita 4 ne ke jawo baƙi da kyamarori. A Harare kuma, ginin Eastgate da aka buɗe a 1996, daga suri mai zanensa Mick Pearce ya ari dabarar sanyaya shi. Mu kuwa, ga dajin Falgore a kan hanyar Jos, ga gonakinmu, ba sai mun hau jirgi ba.

Mai son hoto ya sa takalmi sau-ciki, kada ya zura hannu a rami, ya tsayar da wani a gefe don tsayin ya fito. In Falgore za shi, ya nemi rakiyar ma'aikatan daji.